Ragon Wales da Maganar da Na Kasa Faɗa wa Inna

Tun ranar walimar auren ɗana Usman, da yayarsa Fatima ta karɓi makirfo ta ba jama'a labarin yadda wai tunkiya ta kore ni a Wales ina ihu, na ƙudurta cewa sai na rubuta yadda abin ya faru da hannuna. Na farko dai ba tunkiya ba ce, rago ne. Na biyu kuma ban gudu ba, domin bai ba ni lokacin gudu ba. Ke Fatima shekarunki bakwai a lokacin, kuma ta taga kika hango ni, bakinki cike da kek. Kai kuwa Usman kana goye. Abin da ya kai mu can, da abin da aka faɗa a hanyar dawowa, babu wanda ya sani a cikinku, kuma shi ne dalilin da ya sa kuka tashi a Birmingham ba a ƙauyenmu na bayan Gaya ba.

A shekarar muna zaune a unguwar Hulme da ke Manchester, a wani flat mai ɗaki biyu a hawa na uku. Kullum da safe nakan taka zuwa jami'a a Oxford Road, inda na shekara huɗu ina bincike a kan yadda cuta ke yaɗuwa a tsakanin tumaki. Sai dai duk tumakin nawa a cikin kwamfuta suke. Lissafi ne aikina. Na san yadda cuta za ta ci garke dubu a kan takarda, amma tun da na bar gida zuwa makarantar kwana ban ƙara riƙe ƙafar tunkiya ba. Mahaifiyata, Inna, ba ta san wannan bambancin ba. Ita da kiwo ta raine mu bayan rasuwar mahaifinmu, kullum akwai raguna a turke a bayan ɗakinta, kuma ta riga ta gaya wa ƙauye kaf cewa ɗanta ya tafi Ingila karatun likitan dabbobi, yana gamawa zai dawo ya riƙe asibitin dabbobin ƙaramar hukuma. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunana. Tun da na fara karatun nan ta samu mafita, take ce mini Dakta.

Ta zo Manchester ne don wankan jegon mahaifiyarku Binta da aka haifi Usman. Aka yi arba'in, aka gama, sai Inna ta fara ramewa. Ta yini a gefen hita, ƙafafunta cikin safa biyu, tana jan carbi tana kallon titi. Na kai ta wajen GP, likitan unguwarmu, ya auna ko'ina ya ce lafiyarta lau. Da muka fito na fassara mata, ta ce:

"Ai da ka tambaye ni da na gaya maka. Wata huɗu ban ji kukan dabba ba, sai kare, shi ma da riga."

A cikin wannan hali ne takarda ta zo mini daga Birmingham, wani kamfani ya ba ni aiki na dindindin. Na karɓa. Na sa hannu, na aika, sannan na zauna ina tunanin da wane baki zan gaya wa Inna. Sati ya wuce, wata ya wuce. Sau uku ina zama a gabanta in yi gyaran murya, in ta ɗago kai sai in tambaye ta ko a ƙara mata shayi. Binta ta gaji, wata safiya ta tare ni a kicin tana magana ƙasa-ƙasa.

"Abban Fatima, end of the month fa za mu ba landlord notice na barin gidan nan. Yaushe za ka gaya wa Inna?"

"Ina neman lokacin da ya dace."

"Lokacin da ya dace ya zo ya wuce sau goma. Ni dai ba zan gaya mata ba, kuma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba."

Wani abokin aikina, mutumin Wales, shi ya ba ni dabara ba tare da ya sani ba. Ya ce a garinsu ana cin kasuwar dabbobi ran Talata, in ina son tsohuwa ta warware in kai ta. Na ce to, ga hanya. In ta ga tumaki ranta ya yi fari, sai in saki maganar. Sunan garin da L biyu yake farawa, kuma ba a faɗarsa daidai sai mutum ya yi kamar yana hura wuta ta gefen baki. Har yau ban iya ba. Abokin nawa ya zana mini hanya a bayan ambulan, ya kuma gargaɗe ni: in na shiga wurin gwanjo kada in ɗaga hannu, kada in sosa kunne, don ana iya ɗauka tayi na yi.

Muka tashi da sassafe a tsohuwar motata, ni da Inna da Fatima. Muna tsallaka iyakar Wales allunan hanya suka koma harshe biyu, na sama babu wasali ko na magani, kafin in kai ga na ƙasa na Turanci mun wuce. Sau biyu muna zaga shataletale ɗaya. Can sai tsaunuka suka fara bayyana, kore shar, da fararen ɗigo-ɗigo a warwatse har saman su. Inna ta matso da fuskarta jikin gilashi.

"Dakta, wancan duwatsu ne ko idona ne?"

"Tumaki ne, Inna."

"Duka? Ina makiyayin?"

"Babu. Haka ake barin su."

"Kuma da safe a same su?"

Garin ƙarami ne, gidajen dutse manne da juna, da hasumiyar agogo a tsakiyar kasuwa. An kafa rumfuna a bakin titi, masu cuku, masu zuma, masu barguna na ulu, tsofaffin mata da jakunkuna suna tsayawa a tsakiyar hanya suna gaisawa kamar babu mota a duniya. Ana ɗan yayyafi. Ina buɗe ƙofar mota warin kashin dabbobi ya buge mu. Fatima ta toshe hanci. Inna kuwa ta shaƙa har cikinta, ta gyara mayafi ta ce:

"Alhamdu lillahi. Yau mun shigo gari."

Matar da nake riƙe wa hannu a matakalar flat, ita ce ta bar ni a baya. Kafin in kulle mota ta kai bakin shingayen ƙarfe inda aka killace tumaki. Mai gwanjo yana tsaye a kan dakali yana zuba magana ba numfashi, manoma sun kewaye shi, kowa ya yi fuskar wanda bai damu ba. Ni na cusa hannuwana biyu a aljihu, ko ƙwayar idona ba na juyawa sosai. Inna kuwa tana nuna wannan, tana nuna wancan, tana tafa hannu in ta ga mai kyau. Na riƙa jan gefen mayafinta ina cewa ta sauke hannu kada mu koma gida da garke. Ta ce in ƙyale ta, ai mutumin ya ga alama ita ba ƙaramar mai saye ba ce.

A wani shinge na gefe ta tsaya, ta zura hannu ta kamo wata tunkiya ta haɓa, ta buɗe bakinta ta duba haƙora, ta shafa bayanta, ta sake ta. Mai tumakin yana tsaye yana kallo, wani gajeren tsoho mai jar fuska da hula shimfiɗaɗɗiya. Ya juya ya yi wa matarsa magana, ta amsa, suka yi dariya. Inna ta tambaye ni me suka ce. Na ce ban ji ba.

"Ba ka ji ba? Shekara nawa kana ƙasar nan?"

"Inna, ba Turanci suke yi ba. Yarensu ne, na mutanen nan."

Ta sake kallon su da kyau, fuskarta ta washe.

"Ashe su ma Turancin koyon sa suka yi kamar kowa. Allah sarki. Ka gaishe mini da su."

Mai tumakin sunansa Gwilym, matarsa Megan. Ya ce abin da ya gaya wa matarsa shi ne, wannan baiwar Allah ta san tunkiya. Ya tambaye ni sana'ata. Ina shirin yi masa bayani a hankali, sai ke Fatima kika yi caraf da Turancinki na Manchester kika ce, "My daddy is a sheep doctor." Tsohon ya ji daɗi. Ya jawo wata tunkiya da ke ɗingishi tun safe, ya ce tunda Allah ya kawo likita, in duba masa. Na tsuguna a nesa kaɗan. Na kalle ta ta gaba, na zagaya na kalle ta ta baya. Na ce a gaskiya abubuwa da yawa na iya kawo haka, sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji. Ina cikin wannan bayani Inna ta kama ƙafar, ta juya kofaton, ta zare allurar da ke maƙale a ɗankwalinta ta sakato wata tsakuwa da ta shige tsakani. Tunkiya ta dira ƙafa ta yi tafiyarta. Babu wanda ya kalle ni, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Daga nan ni na koma tafinta. Gwilym ya ce gonarsa ba nisa, sai mun je tsohuwa ta ga ragunansa. Muka bi motarsa ta wata siririyar hanya mai shinge dama da hagu, wadda in kuka haɗu da tarakta dole ɗaya ya koma da baya. Mun haɗu da biyu, kuma duka biyun ni na koma. Gidan yana gindin tsauni, farin gini da rafi a ƙasansa. Megan ta ja Fatima kicin, mu kuma muka hau zuwa bakin wani fili mai gangara wanda aka kewaye da katangar dutse. A ciki akwai rago guda ɗaya, ƙato, ƙahoninsa sun murɗe sau biyu, yana tsaye kamar wurin gadonsa ne. Inna ta daɗe tana kallon sa. Babbar Sallah saura sati uku a lokacin. Ta ce wannan take so, a sa shi a kujerar baya kusa da Fatima, in mun je a ɗaure shi a baranda, ita za ta riƙa ba shi dusa. Na ce Inna, council, wato ƙaramar hukuma, za su kore mu a ranar. Ta ce in dai tambaya. Na tambaya. Gwilym ya girgiza kai, ya ce wannan shi ne uban garkensa, ko nawa ne ba zai rabu da shi ba. Na ɗauka Inna za ta ji haushi, sai ta gyaɗa kai.

"Mutumin kirki ne. Da ya sayar da na raina shi."

Tsohon ya gangara don ya ɗebo wa dabbobi abinci, ya bar mu mu biyu. Yayyafi ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo, Inna ta jingina da katanga tana murmushi irin wanda na manta tana yi. Na ce a raina, yau ko babu. Don in fuskance ta sosai sai na buɗe ƙyauren katangar na shiga filin, na tsaya ta ciki, ita tana waje, katangar tana tsakaninmu. Wato na juya wa ragon baya. Mutumin da ya shekara huɗu a kan tumaki ya kamata ya san wannan, na yarda. Na cire hula, na fara da godiya a kan wahalar da ta sha a kanmu. Na bi ta kan yadda rayuwa takan zo da abin da mutum bai tsara ba. Na shiga maganar karatun yara. Sai na ga idonta ya bar fuskata ya koma bayana.

"Dakta."

"Inna, don Allah ki bari in gama. Na daɗe ina son faɗar maganar nan."

"Dakta, na ce..."

"Minti ɗaya kawai, Inna."

Ta ja da baya taku ɗaya daga katangar.

"To, gama."

Ban ji tahowarsa ba. Na dai ji kamar an buga mini ƙofar mota a ƙugu, ƙafafuna suka bar ƙasa, na ga sama, na ga ciyawa, na sake ganin sama. Gangarar ta karɓe ni ta yi ta mirgina ni har sai da na tsaya a wani kwari inda ruwa da taɓo da abin da tumaki suka bari suka taru. Takalmina ɗaya ya yi nasa wuri. Ina kwance a rigingine, na ɗaga kai na hango Inna a sama ta leƙo ta kan katanga, ragon kuma ya koma cin ciyawarsa. Ban san abin da ya kama ni ba. Duk jawabin da na tsara ya zube, sai gundarin ya rage, na ɗaga murya iya ƙarfina:

"Inna! Na karɓi aiki a Birmingham! Ba zan koma gida ba!"

Wannan shi ne ihun da kika ji, Fatima. Ba neman agaji nake ba.

Inna ta ƙare mini kallo daga sama. Ta ce in tashi in bi ta gefen rafi in fito, kada in sake bi ta gabansa. Gwilym ya zo da gudu yana ba da haƙuri da harshe biyu. Aka kai ni bayan gida na wanke jikina, aka ba ni wandonsa wanda ya tsaya mini a ƙwauri, da wata rigar sanyi mai warin tumaki. Haka na zauna a kicin ɗinsu a gefen kujera, da ɓari ɗaya, don ɗayan ba ya taɓuwa. Megan ta kawo shayi da wani kek faffaɗa mai zabibi da ake gasawa a kan tanda. Inna ta sa na tambaya da wane mai aka yi, matar ta ɗauko man shanu ta nuna mata, ta ci uku. Ta kwance bakin zaninta ta ba Gwilym goro. Ya gutsura, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, amma ya haɗiye ya ce yana da daɗi. Da lokacin salla ya yi, Megan ta shimfiɗa mana bargo a falo, ta kori kare waje ba tare da an ce mata komai ba. Tsofaffin matan nan biyu suka yi ta hira da hannu, wannan ta nuna gwiwa ta yamutsa fuska, waccan ta nuna tata gwiwar. Ba su neme ni fassara ba. Kuma duk tsawon zaman Inna ba ta kalli inda nake ba.

Da la'asar muka kamo hanya. Fatima ta yi barci a baya. Mun hau wani tudu inda ake ganin kwarin gaba ɗaya, sai Inna ta ce in tsaya. Na gangara gefe na kashe mota. Ta daɗe tana kallon waje.

"Tun ranar da na ga Binta tana ɓoye kwalaye a ƙarƙashin gado na sani. Mai komawa gida akwati yake nema, ba kwali ba. Jira nake in ga ranar da za ka iya buɗe baki. Ashe sai an taimaka maka ta baya."

Na sunkuyar da kai. Na ce ta yafe mini.

"Ka tuna da ni da kake sa hannu?"

"Na tuna, Inna."

"Amma ka sa."

"Na sa."

Ta juya carbinta sau biyu ko uku. Sannan ta ce ta so a ce ina kusa in tsufa ya kwantar da ita, ba za ta ɓoye mini ba, amma ƙannena suna nan, kuma ba ta raine ni don ta ɗaure ni a turke ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta yi ajiyar zuciya, sai muryarta ta canja.

"Kuma gara haka. Yau na ga aikinka. In ka koma gida aka kawo maka akuyar mutane, kunya za ka ba ni."

Na yi dariya, ƙuguna ya amsa, na daina. Na tambaye ta me za ta gaya wa mutanen gari, tunda ta riga ta yi musu alkawari.

"Wannan ba damuwarka ba ce. Zan ce na je na gani da idona, tumakin ƙasar sun fi mutanenta yawa, ba su da makiyayi, kuma duk kai suke jira. Wace ƙarya na yi a ciki?"

Bayan Sallah ta koma gida ita kaɗai. Mu kuma muka kwashe kwalayenmu muka koma Perry Barr a Birmingham, gidan da kuka sani. Inna ba ta sake zuwa Ingila ba. Ina zuwa duk shekara biyu in yi sati uku, kuma duk zuwa sai in tarar ta ƙara ƙanƙancewa. Da ciwon ajalinta ya tashi ina wajen aiki, kafin in samu jirgi an yi jana'iza. Ƙanina ne ya riƙe ta, ba ni ba. Ina so ku san wannan, domin makarantun da kuka yi da ayyukan da kuke yi yanzu ba a banza aka same su ba, ita ce ta ɗauki nauyin, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba.

Na isa ana zaman makoki kwana na uku. Na zauna a kan tabarma a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Wani tsoho makiyayi, sa'an mahaifina, ya zo ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya matso kusa da ni da fuskar damuwa.

"Dakta, Allah ya jiƙan Hajiya. Amma da ka taho, wa ka bar wa tumakin Turawan?"

Na dube shi, na ga da gaske yake. Mutanen da ke zaune duk suka zuba mini ido suna jiran amsa. Hawayen da na riƙe tun daga filin jirgi suka zubo, dariya kuma tana neman ƙwace mini. Na share fuska na ce:

"Na bar wakili, Baba. Za su yi haƙuri har in koma."